Tumbi da ciwon baya: me zan yi a gida?

Tambaya: Ni tela ne, shekaruna 39. Tun safe har dare ina kan keke. Tumbi ya fito mini, ƙasan bayana kuma yana damuna. Wata biyu ke nan kullum da asuba ina kwanciya rigingine ina tasowa zaune sau ɗari, amma cikin yana nan yadda yake, har wuyana ya fara ciwo. Ba ni da halin zuwa jim, wato gidan motsa jiki. Me zan yi a gida? Maiɗakina ma tana so ta fara, wata uku ke nan da haihuwarta.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Wanda ya jure wata biyu yana abu ɗaya kullum da asuba ba rago ba ne, don haka ba himma ce ta yi maka kaɗan ba. Abubuwa biyu ne ka haɗa wuri guda. Ƙarfafa tsokar ciki daban, sauke tumbi daban. Na farkon a kan tabarma ake yin sa, cikin minti goma zuwa sha biyar. Na biyun kuwa a kwanon abinci da tafiyar ƙafa ake yin sa, tabarma ba ta da ta cewa sosai a kai. Mu da muke aikin gashi a asibiti, wato fisiyo, kusan kullum sai mun yi wa wani wannan bayani.

Bangon ciki hawa-hawa ne. A gaba akwai dogayen tsokoki biyu a jere, sun taso daga ƙasan ƙirji sun sauka har ƙashin mara. Jijiya ta gitta su a wurare, shi ya sa a jikin marar kitse suke fitowa gida-gida, abin da samari ke kira sikis-fak. Kowa yana da su, har da kai, kitse ne kawai ya lulluɓe su. A gefe da gefe akwai hawa biyu na tsokoki masu karkata, su ne masu juya gangar jiki. Can ciki kuma akwai ta huɗu, wadda ta zagayo daga baya zuwa gaba kamar ɗamara. Ba a ganin ta a madubi, amma ita ce ke riƙe kayan ciki, ita ce kuma ke tallafar ƙashin baya tare da tantanin numfashi daga sama da tsokokin ƙasan ƙugu daga ƙasa.

Babban aikin waɗannan tsokoki ba lanƙwasa mutum ba ne. Aikinsu su hana gadon baya lanƙwashewa ko murɗewa lokacin da hannu da ƙafa ke aiki. Ka lura da mai ga-ruwa idan yana tura kura cike da jarkoki a hawa, ko mace tana daka: gangar jikin a ƙame take, ƙarfin yana ratsa ta ne daga ƙafa zuwa hannu. Wannan ƙamewar ita ce ƙarfin ciki na gaskiya, kuma ita za ka koya wa jikinka.

Wancan kwanta-tashin da kake yi ba ya koyar da ita. Da zarar kafaɗa ta bar ƙasa da kamar taƙi ɗaya, yawancin aikin ya koma hannun wata tsoka da ke cikin ƙugu, wadda ta kama ƙashin baya ta sauko ta kama ƙashin cinya. A wajen mai yini a zaune irinka, wannan tsoka dama a takure take, sai ga shi kana ƙara mata aiki sau ɗari tana jan ƙasan bayanka. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙashin baya, ya auna matsin da irin wannan motsi ke ɗora wa ƙasan baya, ya same shi kwatankwacin nauyin da ya haura kilo 300. Ga kuma lokacin da ka zaɓa. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna shan ruwa su cika cikin dare, saboda haka a sa'ar farko bayan tashi daga barci ne baya ya fi ƙin a naɗe shi da ƙarfi. Ciwon wuyan kuma na san inda ya fito: ka sarƙe yatsu a ƙeya, idan ka gaji sai ka riƙa fizgo kai da hannu. Ka ajiye wannan motsi. Ko yawancin rundunonin sojan Amurka, da suka daɗe suna gwada sojojinsu da shi, sun maye gurbinsa a 'yan shekarun nan da ƙamewa rub da ciki a kan gwiwar hannu, wadda zan bayyana maka a gaba.

Shi kuwa tumbi kitse ne, kuma iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda kake iya mintsinowa da yatsu. Akwai na can ciki, wanda ya kewaye hanji da hanta, shi ne mai sa ciki ya turo gaba ya yi tauri. Wannan na biyun shi ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, shi ne kuma, cikin ikon Allah, ya fi saurin sauka idan an gyara abinci an kama tafiya. Jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da ake motsawa. Daga ko'ina yake ɗiba, ta hanyar jini, gwargwadon halittar mutum. An gwada wannan a 2011 a wata jami'a a jihar Ilinoi ta Amurka: aka ɗauki mutum 24, aka sa wani ɓangarensu motsa ciki iri bakwai, kwana biyar a mako, har mako shida, ba tare da sauya abinci ba. Tsokar cikinsu ta ƙara juriya, amma kitsen ciki da faɗin ƙugu ba su ragu ba. Abin da ka gani a jikinka ke nan.

Tunda tef yana wuyanka, ka fi kowa sauƙin gane inda kake. Kada ka auna inda wando ke zama, domin ka fi ni sanin yadda mai tumbi ke sauke wandonsa ƙasan ciki ya ce har yanzu shi mai 34 ne. Ka laluba haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef a tsakiyarsu, wajen saitin cibiya ko sama da ita kaɗan. Ka saki numfashi yadda ka saba, kada ka shanye ciki. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ga mutanen Afirka ita ce namiji kada ya kai santimita 94, wato inci 37, mace kuma santimita 80, wato inci 31 da rabi. Akwai wadda ta fi wannan sauƙi, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ta ɗauke ta a 2022: ƙugu kada ya kai rabin tsayin mutum. Idan tsayinka inci 68 ne, ƙugunka ya tsaya ƙasa da 34. Ka rubuta abin da ka samu a littafin awonka, ka riƙa sake aunawa duk bayan mako biyu.

Yanzu tabarma. Abu na farko, kuma wanda mutane ke tsallakewa saboda ba ya kama da motsa jiki, shi ne koyon ɗaure ciki. Kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ɗora yatsunka a gefen mara, ɗan ciki kaɗan daga ƙashin ƙugun da ke tsini a gaba. Yi tari sau ɗaya. Abin da ya taso ya bugi yatsunka, shi muke nema. Yanzu ka ƙame wurin da kanka ba tare da tari ba, kamar ƙaramin yaro zai kai maka naushin wasa a ciki, ba da dukkan ƙarfi ba, kashi ɗaya cikin uku ya isa. Ka riƙe kana numfashi. Gwajinsa shi ne ka iya ƙirga ɗaya zuwa goma a bayyane alhali cikin yana ɗaure. Idan murya ta ƙi fita, ko jijiyar goshi ta tashi, numfashi ka riƙe ba ciki ba. Shanye ciki har haƙarƙari ya fito shi ma ba shi ba ne. Ka ba wannan kwana uku ko huɗu shi kaɗai, ba asara ba ce.

Daga nan, kana nan kwance, ka miƙe ƙafa ɗaya ka bar ɗayar a tanƙware. Sa tafukan hannunka a ƙarƙashin ƙasan baya, inda yake da ɗan rami, don kada ya manne da ƙasa. Ɗaure ciki, ka ɗaga kai da kafaɗu tare, ɗan kaɗan, yadda takarda za ta iya wucewa ƙarƙashinsu, haɓa ba ta taɓa ƙirji ba. Riƙe daƙiƙa goma, ka sauka. Za ka raina shi har sai ka yi na huɗu.

Sai ka juya ka yi rarrafe, tafin hannu saitin kafaɗa, gwiwa saitin ƙugu. Miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, su daidaita da gadon bayanka, kada su wuce shi sama. Daƙiƙa goma, ka sauya. Duk wahalar tana wajen hana ƙugu karkata. Ka sa yaro ya ɗora maka littafi ko takalmi a ƙasan baya. In ya zame, ka karkata. A ganina, ga mai ciwon baya na zama, babu wanda ya kai wannan amfani cikin dukkan abin da zan faɗa maka.

Na gefe kuma: kwanta a kan gefenka, ka dogara da gwiwar hannu tana saitin kafaɗa, gwiwoyin ƙafa a tanƙware, ka ɗaga ƙugu sama har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa. Idan ya yi sauƙi bayan makonni, ka miƙe ƙafafun gaba ɗaya. Waɗannan ukun, ɗaga kai da rarrafe da na gefe, su ne McGill ya shahara da koyarwa. Ka ƙara da ƙamewa ta gaba, rub da ciki a kan gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, daga baya a kan yatsun ƙafa, ɗuwawu a matse, ƙugu bai lotsa ƙasa ba bai kuma yi tozo sama ba. Ka rufe da ɗaga ƙugu daga kwance rigingine, gwiwa a tanƙware, sau goma zuwa sha biyar, domin tsokar ɗuwawun mai yawan zama ta saba da hutu, kuma in ta ƙi aiki baya ne ke biya.

Game da adadi, ka manta da ɗari. Riƙo gajere da kyau ya fi dogo da lalacewa. Kowane motsi ka riƙe shi daƙiƙa goma sau biyar, ka huta kamar rabin minti, ka yi sau uku, ka huta, ka yi sau ɗaya. In ka ga abin ya zama wasa, ka ƙara yawan riƙon, ba tsawonsa ba. Gasar da ake yi a waya ta wanda zai fi daɗewa a ƙame ba ta shafe ka ba. Idan riƙon ya yi tsawo tsoka ta gaji, nauyin kan koma kan ƙasan baya. Kwana uku zuwa huɗu a mako ya wadatar. Ka mai da shi bayan hantsi kafin ka buɗe shago, ko da yamma kafin cin abincin dare. Gajiya da ɗan tsamin tsoka washegari ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a baya, ko wanda ke sauka ƙafa kamar lantarki, alama ce ta a tsaya.

Bayan kamar wata guda, ka shigo da jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka kana da ma'aunin nauyi a tsakar gida. Zuba lita takwas ko goma, ka ɗauka da hannu ɗaya, ka yi tafiya taku ashirin zuwa talatin a miƙe, kafaɗu a daidai, ba ka jingina jarkar da cinya ba, ba ka karkata ɗaya gefen ba. Ka sauya hannu. Za ka ji gefen cikin da ba ya ɗauke da komai shi ne ke aiki. Duk mako biyu ka ƙara lita biyu. Wanda ya kai ga ɗaukar jarka mai lita 25 a haka ba tare da ya karkace ba, ba ya bukatar kowane inji.

Cikin mako biyu zuwa huɗu za ka fara jin bambanci wajen tashi daga keke da sunkuyawa. Tef kuwa ba zai motsa ba sai an taɓa abinci, kuma a nan ne zan ɗan matsa maka. Minti goman nan na tabarma ba su ƙona ko rabin abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya. Kwalba mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali goma sha biyu, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda cur. Na san rayuwar shagon ɗinki, musamman idan Sallah ta matso: shayi mai kauri da madara da rabin burodi da safe, lemo mai sanyi da rana saboda zafi, zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari da la'asar, ƙarfe ɗayan dare kuma indomi biyu da ƙwai wajen mai shayi. Tun kafin a zo maganar tuwo, abin sha kaɗai ya isa ya gina tumbi. Ka fara daga nan. Ruwa a madadin lemo, sukarin shayi ka rage shi rabi, bayan mako biyu ka sake ragewa. Fura da nono ba laifi, sukarin da ake ambaza mata ne laifin.

Ban ce ka bar tuwo ba, wanda duk ya ce maka haka ya san ba za ka ɗore ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta yawaita, ganye ya yawaita. Zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, kabewa, duk suna cika ciki ba tare da nauyi ba. Wake, ƙwai, awara, kifi da gyaɗa suna riƙe mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, su ne kuma abin da tsoka ke ginuwa da shi. Soye-soye a rage. Saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce mai ɗorewa. Wadda ta fi haka sauri yawanci ruwa ne da tsoka ke tafiya.

Tafiya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Rabin sa'a kwana biyar ke nan a ƙalla. Ka sauka daga adaidaita tun kafin a kai shago, ka je sayen zare da maɓalli da ƙafarka maimakon aiken yaro. A shagon ma kada ka wuce minti talatin zuwa arba'in a zaune. Ka jera aikinka yadda yanka da guga za su riƙa tashe ka tsaye. Barci kuma yana cikin lissafi, domin wanda ba ya samun sa'a bakwai yunwarsa ta fi yawa, kuma zaƙi take nema. Da azumi ka mai da tabarmar bayan tarawihi.

Bel ɗin matse ciki, da shayin rage tumbi, da man shafawa, da ɗaura leda a fita gudu a rana, duk asarar kuɗi ne, na ƙarshen ma haɗari ne a zafin watan Afrilu. Gumi ruwa ne, kana sha zai dawo. Yawancin shayin nan gudawa da fitsari suke sawa.

Kafin ka fara, akwai abubuwan da sai an duba. Idan akwai wani ƙullutu da ke fitowa a cibiya ko matsematsi idan ka yi tari ko nishi, ya koma idan ka kwanta, wannan ƙaba ce ko gwaiwa. Motsa jiki ba ya mai da ita, likitan tiyata ne zai gani. Idan kana da hawan jini, ka kiyaye riƙe numfashi ƙwarai, kuma in ba ka taɓa aunawa ba, a shekarunka da wannan ƙugu ya kamata ka auna jini da suga. Sannan ba kowane babban ciki ne kitse ba. Cikin da ya kumbura cikin 'yan makonni alhali hannu da fuska suna ramewa, ko ƙafa tana kumbura, ko ido ya yi rawaya, yana iya zama ruwa ne daga ciwon hanta ko zuciya ko ƙoda, kuma ciwon hanta ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ciwon baya mai tafe da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, shi ma asibiti ne a ranar.

Maiɗakinka kuwa, Allah ya raya, kada ta bi tsarinka kai tsaye. Lokacin goyon ciki, dogayen tsokokin nan biyu na gaba suna buɗewa daga juna don ba jariri wuri, kuma ba kowace mace ce nata ke haɗewa da wuri ba. Ta gwada da kanta: ta kwanta rigingine, gwiwa a tanƙware, ta jera yatsu a kwance a saitin cibiya, ta ɗaga kai kaɗan. Za ta ji gefen tsokokin biyu sun matso yatsun. Idan ramin da ke tsakani ya ci yatsu biyu ko fiye, ko ta ga tsakiyar cikin ya yi tsini sama lokacin da take tashi daga kwance, to ta nisanci kwanta-tashi da ƙamewa ta gaba da ɗaukar jarka a yanzu. Ta fara da numfashi: ta ja iska har haƙarƙari ya buɗe, idan tana fitarwa a hankali ta matse ƙasanta kamar mai riƙe fitsari, ta ɗan janyo mara ciki. Sau goma, sau biyu ko uku a yini, ko tana shayarwa za ta iya. In wannan ya zauna, ta ƙara da zame diddige ɗaya a kan tabarma tana miƙe ƙafa tana dawo da ita, ciki a ɗaure. Wajen tashi daga gado ta fara juyawa gefe, ta tura da hannu.

Ɗaure ciki da zani da iyayenmu ke sa mai jego yana ba da ɗan tallafi da jin daɗi a makonnin farko, amma ba ya gina tsoka, in kuma an tamke shi da yawa ƙasa yake tura nauyin, inda dama haihuwa ta raunana. Kada ta yi wa kanta horon yunwa tana shayarwa. Rage zaƙi da tafiya sun ishe ta. Idan tiyata aka yi mata, sai likitan da ke duba ta ya ba da izini kafin ta wuce numfashi da tafiya. Idan kuma ramin bai ragu ba bayan wata biyu tana yi, ko fitsari yana zubo mata idan ta yi tari ko atishawa, ko tana jin nauyi kamar wani abu zai sauko ta ƙasa, ku je sashen fisiyo na babban asibitin da ke kusa da ku ta nemi ma'aikaciya mace. Ana magance waɗannan, kuma yawanci ba sai an kai ga tiyata ba.